Waya tana aljihu, kuɗi suna fita: yadda ake sace layi da yadda za ka tsare naka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa. Maƙwabcin rumfata sabis ya ɗauke a wayarsa ranar Juma'a da yamma, ya ɗauka matsalar netwok ce. Ranar Litinin da ya je ofishin kamfanin aka ce masa ai an riga an yi wa layin walkam bak, wato an mayar da lambar kan sabon sim, da ya ƙarasa banki ya tarar an kwashe abin da ke asusunsa. Wayar kuwa ba ta taɓa barin aljihunsa ba. Ta yaya haka ke faruwa? Kuma me zan yi kada ta same ni, tunda duk cinikina yanzu ta waya nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya mayar wa maƙwabcinka da mafi alheri. Na daɗe a sashen da ke karɓar koken damfara a banki, kuma irin wannan labari ba baƙo ba ne a teburina, har da zancen yammacin Juma'ar. Ba dacewa aka yi ba. Sun san rassan banki ba sa buɗewa sai Litinin, sun kuma san mutumin ƙasar nan idan sabis ya ɗauke tsaki kawai zai yi ya mayar da waya aljihu. Ranakun hutun Sallah ma haka suke son su.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne lambar wayarka ba a cikin ɗan katin nan take zaune ba. Tana cikin kwamfutar kamfanin sadarwa. Katin sim shaida ce kawai da ke gaya wa kamfani cewa ga inda za a kai kira da saƙon lamba kaza. Ranar da ma'aikaci ya zauna gaban kwamfuta ya ce daga yau lamba kaza ta koma kan wannan sabon kati, tsohon ya mutu nan take, ko da yana cikin wayarka, ko da wayar tana ƙarƙashin matashinka. An yi tsarin ne don amfaninmu, domin wanda layinsa ya ɓata ko ya lalace ya dawo da lambarsa. Ɓarawo sai ya bi ta wannan ƙofa ya ce shi ne kai.

Shi kuwa banki, ta waya bai san fuskarka ba, lambarka ya sani. Can yake tura alat, can yake tura lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake amfani da ita sau ɗaya, kuma idan aka danna *737# ko *894# ko *901# ko *966#, abin da yake fara dubawa shi ne daga wane layi aka danna. A OPay da PalmPay lambar wayar ce ma lambar asusun, an dai cire sifirin farko. WhatsApp da layin ake buɗe shi. Facebook da Gmail idan ka ce ka manta kalmar sirri, layin suke aika wa. Kamar a ce makullin rumfarka da na sito da na gida duk a zobe ɗaya suke, zoben kuma yana hannun mai gadin kasuwa, wanda zai miƙa shi ga duk wanda ya gamsar da shi cewa kai ne.

To yaya ake gamsar da mai gadin? Tun Disambar 2020 da gwamnati ta wajabta haɗa layi da lambar NIN, canjin sim ya yi tsauri fiye da da. Ƙa'ida ita ce a kawo NIN, a dangwala yatsa ko a ɗauki hoton fuska a gwada da wanda ke rajista, a kawo jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki ko takardar rantsuwa ta kotu, sannan a amsa tambayoyi: lambobin da ka fi kira, katin nawa ka loda na ƙarshe, tun yaushe kake amfani da layin. A takarda wannan shinge ne mai kyau. A aikace yana da kafofi, kuma mafi yawansu mu ne muke buɗe su da bakinmu.

Wani zai kira ka da murya mai ladabi ya ce daga ofishin layinka ne, za a rufe layin saboda NIN ɗinka bai hau daidai ba, ka karanto masa lambar a gyara maka. Wani zai ce za a ɗaga maka layi zuwa 5G kyauta, saƙo zai shigo, ka karanto abin da ke ciki. Ga fom ɗin tallafi da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, wanda mutum zai zauna da hannunsa ya cike sunansa, ranar haihuwa, NIN, BVN, sunan banki da sunan mahaifiya, yana jiran naira dubu hamsin da ba za ta taɓa zuwa ba. Ga kwafin takardar NIN da muke bari a shagon fotokofi, ko muke tura hotonta ga duk wanda ya ce zai samo mana aiki. Maganar lambobin da aka fi kira ma suna da dabararta: a yi ta yi maka filashin da wasu baƙin lambobi har ka bi kiran, sai ga su sun shiga jerin kiranka na baya-bayan nan, ɓarawon kuma ya san su tunda nasa ne. Idan abin ya zo kan yatsa da fuska, nan ne ake neman na ciki, domin da ɗan gari akan ci gari. Ba na cewa ma'aikatan kamfanoni ɓarayi ne. Galibinsu mutanen kirki ne masu neman halak. Amma wakilan rajista sun bazu ko'ina, kuma ɓata-gari ɗaya mai na'urar rajista a hannunsa ya isa ya jawo wa mutane da yawa kuka.

Akwai wata kafa da ba a cika magana a kai ba, kuma ina roƙonka ka duba ta a gidanka kafin ma ka duba rumfa. Da sunan wa aka yi wa layin rajista? Da yawa daga cikin 'yan kasuwa yaron shago suka aika ya sayo musu layi, yaron ya dangwala yatsansa. Da yawa daga cikin iyayenmu mata da matan aure, layin da ke hannunsu da NIN ɗin ƙane ko ɗan miji ko tsohon miji aka haɗa shi, don ranar da ake rububin haɗawa ba su sami fita ba. Wasu kuma a bakin titi suka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, ba su ma san mai sunan ba. A wajen kamfani, wanda NIN ɗinsa ke kan layi shi ne mai layi. Idan ya shiga ofis ya ce layinsa ya ɓata, ba ya buƙatar yin ƙaryar komai a kan yatsa ko fuska, domin nasa ne a rajista. Za a ba shi cikin mutunci, kai kuma da ka shekara goma da lambar ka zo kana rantse-rantse ba mai sauraronka. Na ga irin wannan ta raba abokan kasuwanci, na ga ta biyo bayan mutuwar aure. Danna *996#, ita ce lambar da ta shafi NIN da layi a dukkan kamfanoni, ko ka je ofishinsu da kanka su duba maka. Idan sunan ba naka ba ne, ko dai ku je tare da mai sunan a mayar da mallakar layin gare ka, ko ka sayi sabo da sunanka ka je banki ka canza. Kada ka ce ai ɗan'uwana ne. Ko shi bai cuce ka ba, ranar da layin ya ɓata alhali yana Legas ko ya rasu, kai ne a wahala.

Wannan hanya ta walkam bak ita ce aka bi aka cuci maƙwabcinka. Amma gaskiya, a abin da ke zuwa gabana, wata hanyar ta fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta sauƙi: a ɗauke sim ɗin kansa. Mai ƙwacen waya a Kano ko Kaduna ba lallai wayar ce ta dame shi ba. Waya mai kulle da yatsa ko fuska ba ta da saurin shiga kasuwa, amma cire sim daga cikinta aikin tsinke ɗaya ne. Sai a zura shi cikin ƙaramar waya mai tocila, kullen wayarka mai tsada bai hana komai ba. Daga nan *565*0# za ta nuna BVN ɗin da ke kan layin, alat na farko da ya shigo zai faɗi sunan bankin da abin da ya rage a ciki, sai a shiga lalube. Idan lambar sirrinka ta tura kuɗi shekarar haihuwarka ce, ko 1234, ko lambobi huɗun ƙarshe na wayarka, an gama. Idan katin ATM ɗinka yana cikin rigar wayar, kamar yadda na ga mutane da yawa suna yi, to ka haɗa musu kayan aiki cif, domin da lambobin jikin katin ake sake sabuwar lambar sirri a bankuna da dama. Ko asusun babu ko sisi, ana iya cin bashi da sunanka a manhajojin ba da rance, sai bayan wata guda a fara kiran 'yan'uwanka ana ce musu kai macuci ne.

Maganin wannan kyauta ne, kuma bai kai minti biyar ba, amma ban san dalilin da ya sa mutane ke ƙin yi ba. Ka sa wa sim ɗin kansa lambar PIN. Ba kullen fuskar waya nake nufi ba. Wannan daban ne, a jikin katin yake zama. Duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka cire katin aka sa a wata waya, ba zai kawo sabis ba sai an danna lambar. A wayar Android ka shiga saitin, ɓangaren tsaro, ka nemi inda aka rubuta SIM lock; a iPhone yana ƙarƙashin saitin layi, an rubuta SIM PIN; ƙananan wayoyi ma duk suna da shi. Zai fara tambayarka PIN ɗin da katin ya zo da shi daga kamfani. A nan ka yi hattara, kada ka yi ta canka. Kuskure uku ya rufe katin, sai an sa wata lamba mai guda 8 da ake kira PUK, wadda ke rubuce a jikin babban katin da ka ɓallo sim ɗin. Kuskure goma a PUK kuwa ya kashe katin har abada. Don haka ka nemo katin nan tukuna, in ya ɓata ka kira 300 ko ka je ofis su ba ka PUK da PIN na asali. Bayan ka kunna kullen sai ka canza lambar zuwa wadda kai kaɗai ka sani, kuma kada ta zama ita ce ta ATM. Wasu manyan wayoyi suna karɓar eSIM, wato layin da ba shi da kati, a cikin wayar ake dasa shi. Shi ba a iya zare shi da tsinke, to ya toshe wannan hanya, amma bai hana a je ofis a yi masa walkam bak ba. PIN ɗin ma haka: yana tsare katin da ke hannunka ne, ba ya bin sabon katin da aka buga a wani wuri.

Hanya ta uku babu ma ɓarawo a farkonta. Layin da aka daina amfani da shi, ba kira, ba kati, ba data, bisa ƙa'idar NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ana iya dakatar da shi bayan wata shida, idan aka ƙara wasu wata shidan kamfani na iya sayar da lambar ga wani. Sabon mai layi sai ya fara ganin alat ɗin wani bawan Allah yana shigo masa. In mai tsoron Allah ne ya share, in ba haka ba an ba kura ajiyar nama. Waɗanda wannan ta fi kamawa su ne masu dogon zama a Saudiyya ko wata ƙasa, ɗalibai, da magada. Mutum zai rasu, a shekara ana jiran rabon gado, layinsa na cikin durowa, ba wanda ya tuna ya sanar da banki. Duk wanda zai yar da layi, ya fara zuwa banki ya cire shi daga asusu da BVN, ya cire shi daga WhatsApp da imel, sannan ya yar.

Kada ka ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai ko na marasa boko. A watan Agustan 2019 an ƙwace shafin Jack Dorsey na Twitter ta hanyar sauya masa layi, alhali a lokacin shi ne shugaban kamfanin. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2021 kaɗai ta karɓi koke 1,611 na irin wannan, da asarar fiye da dala miliyan 68. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na ranar 9 ga Janairun 2024. Wani matashi mai suna Eric Council a jihar Alabama ya buga katin shaida na jabu da 'yar na'urar buga kati, da hotonsa amma da sunan wanda ke riƙe da layin da hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, ta haɗa da shafinta na X, wato Twitter a da. Ya shiga shagon kamfanin sadarwa na AT&T a garin Huntsville aka ba shi sim, ya sayi sabuwar iPhone ya zura, lambobin shiga shafin suka faɗo, ya tura wa abokan cin mushensa. Suka wallafa sanarwar ƙarya da sunan hukumar a kan Bitcoin, farashinsa ya yi tsalle da fiye da dala 1,000 kafin a ƙaryata. Daga baya hukumar ta amsa cewa an kashe matakin tsaro na biyu a shafin tun watanni kafin nan. An yanke wa matashin wata 14 a kurkuku a 2025. Abin lura a nan, bai fasa kwamfutar kowa ba. Ma'aikacin kanti ɗaya ya ruɗa.

Shi ya sa shawarar da na fi ba wa ɗan kasuwa irinka ba ta tsaya kan hana a sace layi ba, domin rabin wannan aiki ba a hannunka yake ba, yana hannun ma'aikacin da ba ka taɓa gani ba. Abin da ke hannunka shi ne ka tsara al'amuranka yadda ko an sace layin ba za a sami abin kirki a bayansa ba.

Ka raba layi biyu. Lambar da ke rubuce a allon rumfarka, wadda direbobi da dillalai da masu sayen buhu ɗaya duk suke da ita, kada ta zama ita ce banki ya sani. Ka sayi wani layi da NIN ɗinka, ka sa masa PIN, ka ba banki shi kaɗai. Ba a kira da shi, ba a buɗe WhatsApp da shi, ba a ba kowa. Ka riƙa loda masa ɗan kati kana yin kira ɗaya lokaci-lokaci don kada ya mutu, kuma ya kasance a wayar da kake dubawa kullum, domin layin da ke kashe a durowa ba za ka san ranar da ya ɗauke ba. Wanda bai san lamba ba, ba shi da abin da zai kai ofis.

Ka raba asusu ma. Na ciniki, wanda kake tura kuɗi da shi a tsaye a kasuwa, ya riƙe abin da za ka juya na kwana ɗaya ko biyu. Jarin kuwa ya zauna a wani asusu da ka je reshe ka rubuta cewa a cire masa USSD gaba ɗaya, wato tura kuɗi ta danna lamba irin *737#. Haƙƙinka ne, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ya wajabta wa bankuna su ba mutum zaɓin fita daga USSD, shi ne kuma ya sa iyakar naira 100,000 a rana ta wannan hanya sai in mutum ya nemi ƙari da kansa. Da yawa 'yan kasuwa sun je sun sa hannu an ɗaga musu iyakar tura kuɗi zuwa miliyoyi saboda cinikin kaka, kaka ta wuce ba su sauke ba. Ka sauke. Ga babban asusun ka nemi tokin na hannu, 'yar na'urar nan mai fitar da lamba, ka ajiye ta a gida. Lambar da take bayarwa ba ta bi ta layin waya, don haka wanda ya ɗauke layinka bai same ta ba. Na san tana da ɗan kuɗi kuma tana da takura. Ka kwatanta da kuɗin tirela ɗaya ta masara. Sannan ka ce a riƙa turo maka alat ta imel ban da na saƙon waya, don ranar da layi ya mutu ka sami wata tagar da za ka ga abin da ke fita.

WhatsApp ɗinka ma dukiya ce, tunda da shi za a bi abokan cinikinka ana cewa ka canza asusu, a tura kuɗin kaya nan. Ka shiga saitinsa, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba 6 da imel. A Gmail da Facebook ka mayar da matakin na biyu kan manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon waya. In abin ya yi maka nisa, ɗanka ko wani amintacce ya nuna maka, amma kai za ka danna lambobin da hannunka, shi ya kau da kai. Ka kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle. Wani lokaci ba a ma sauya layin, sai a karɓi wayarka da sunan aron kira a karkatar da kiranka zuwa wata lamba, a nemi lambar shiga ta hanyar kiran murya. Danna *#21# ka ga ko an karkatar, ##002# kuma tana soke duk wata karkatarwa.

Yanzu ga abin da ya fi komai tsada a labarin maƙwabcinka: daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. Idan sabis ya ɗauke maka, ka dubi wayar na kusa da kai mai irin layinka. In nasa na aiki naka babu, ka kashe ka kunna, ka cire katin ka gwada a wata waya. In har yanzu shiru, ka ari waya ka kira lambarka. Idan ka ji tana ringin alhali wayar da ke hannunka ba ta motsa ba, to layinka yana hannun wani. Ko ba ta shiga ba, kada ka jira gobe. Haka nan idan saƙo ya shigo cewa an nemi canza sim ɗinka ba kai ka nema ba, ko wata baƙuwar lamba ta dame ka da kira ba ƙaƙƙautawa har ka ji kamar ka kashe wayar ka huta. Kashewar suke so.

A wannan sa'a banki ake fara rufewa, ba ofishin layi ake fara nema ba. Mutane suna juya abin, su tafi bin layin walkam bak ana can ana kwasa. Kusan kowane banki yana da lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci ce: ta Zenith *966*911#, ta Access *901*911#, kuma da yawa a 911 suke ƙarewa. Ka tambayi ta bankinka tun yau, da lambar kiransu ta dare da rana wadda ke bayan katin ATM, ka rubuta a takarda ka sa a aljihu, wata kuma a gida wajen uwargida. Kada ka adana su a cikin wayar kaɗai, don wata rana wayar ce za ta tafi. Ka tuna da duk inda layin yake: bankin da ka daɗe ba ka taɓa ba, OPay, Moniepoint, duka. Bayan nan ka kira 300 daga wani layi na kamfanin ka ce a dakatar da lambar, ka sanar da iyali da manyan abokan ciniki kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka, sannan da safe ka tafi babban ofishin kamfanin da NIN ɗinka, ba rumfar wakili ba.

Game da dawowar kuɗi, ba zan yi maka daɗin baki ba. Idan koke ya iso da wuri, bankinka na iya aika wa bankin da kuɗin suka shiga a riƙe su kafin a cire, kuma na ga an ceto kuɗi ta haka. Amma waɗannan mutane ba sa barin kuɗi su kwana. Suna rarraba su asusu-asusu, su cire wajen masu POS, su sayi katin waya, su zuba a shafukan caca. Bayan kwana uku abin da ake samu kaɗan ne, kuma ko an riƙe wani abu, sau da yawa sai da umarnin kotu ake mayar da shi.

Duk da haka maƙwabcinka kada ya ce ya bar wa Allah ya zauna. Barin wa Allah bai hana bin haƙƙi ba. Ya rubuta koke ga bankinsa, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa, a ba shi lambar koken. Ya karɓi bayanin asusu mai nuna kowace fita da doguwar lambar shaidarta da asusun da ta shiga. Ya rubuta wa kamfanin layin yana neman a gaya masa rana da lokaci da wurin da aka yi canjin, da irin shaidar da aka karɓa, domin duk canjin sim yana barin sawu a kwamfutarsu, har da na'urar da aka yi amfani da ita. Idan kamfanin ya yi masa shiru, ya kira 622, layin koke na NCC ne kuma kyauta ne, za su tambaye shi lambar koken da kamfanin ya ba shi. Idan banki ya wuce mako biyu bai warware ba, sai ya kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC da kwafin duk takardun nan, domin laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Kuma kafin ya sake zuba ko naira ɗaya a asusun, ya canza lambar sirrin ATM da ta USSD da ta manhaja, ya sa banki su cire duk wata baƙuwar waya da aka ɗaura a kan asusun a waɗancan kwanaki uku, ya kuma tambaya ko an ci bashi da BVN ɗinsa.